Yadda Ake Farfaɗo da Kwamin Ninƙaya da Ya Daɗe a Yashe

A bayan gidan kawuna da ke Unguwar Rimi a Kaduna akwai kwamin ninƙaya, wanda yawancinmu muke ce wa suwimin ful. Da shi aka sayi gidan. Muna yara mun sha wanka a ciki, daga baya injinsa ya tsaya, aka yi ta cewa za a kira mai gyara har shekara tara ta wuce. Ranar da muka yaye tsofaffin kwanon rufin da aka jera a kansa, wari ne ya fara tarbar mu. Ruwan kore shar, ganyen mangwaro ya ruɓe ya zama baƙar laka a ƙasa, talibambam na yawo, tsutsar sauro na wutsil-wutsil a kowace kusurwa. Hajiya ta daɗe tana cewa daga nan sauron gidan yake fitowa, kuma gaskiyarta ne. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ko dai a gyara shi ko a cike shi da ƙasa. Na gaji da ganinsa haka."

Mun gyara shi. Abin da na rubuta a nan shi ne yadda aikin yake tafiya, bi da bi, ga duk mai irin wannan rami a bayan gida, don na san a tsofaffin gidajen Malali da Unguwar Rimi da Barnawa ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Tambayar da za ka fara amsawa

Kwami ba ya mutuwa saboda tsufa. Ranar da ruwa ya daina zagayawa a cikinsa, ranar ya fara mutuwa. Saboda haka kafin ka sayi ko buhun siminti ɗaya, zauna ka tambayi kanka: ina da wutar da za ta juya inji na 'yan sa'o'i kowace rana, har ranar da babu NEPA? Akwai wanda zai riƙa duba ruwan sau biyu ko uku a mako? Zan iya sayen kulorin wata bayan wata ba tare da na ji nauyi ba? Idan amsar a'a ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ana iya mayar da ramin wurin kiwon tarwaɗa, ko a rufe shi da dakali mai ƙarfi ya zama ma'ajiyar ruwan bayi. Idan kuma cikewa za a yi, a fara farfasa ƙasansa tukuna don ruwan sama ya samu hanyar tsotsewa, in ba haka ba wurin zai zama fadama duk damina. Babu abin kunya a cikin ko ɗaya. Abin da ba shi da kyau shi ne a bar shi buɗe, yana haifar da sauro, yana jiran yaron da zai zame.

Kada ka kwashe ruwan da damina

Wannan shi ne gargaɗin da na fi so ka riƙe. Kwamin kankare da babu ruwa a ciki tamkar ƙwarya ce da aka binne. Idan ƙasar da ke kewaye da shi ta ƙoshi da ruwa, ruwan yakan tunkuɗo shi daga ƙasa, ya ɗaga shi ko ya tsaga gindinsa, bututun da ke manne da shi su kakkarye. Nauyin ruwan cikinsa ne yake danne shi, ko da ruwan ƙazami ne. A Kaduna ruwan sama ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, kuma ƙasa ba ta sakin ruwan da ta sha sai an shiga hunturu sosai. Lokacin da ya dace da wannan aiki shi ne daga Janairu zuwa Maris. Wanda ya fara a Janairu zai gama daidai lokacin da zafin bazara ya kankama, lokacin da ake son ruwan ke nan.

Idan gidanka na gangaren kogin Kaduna ne, kamar Kabala ko ɓangaren Barnawa da Malali da ke kusa da ruwa, ƙara kula. Leƙa rijiyar gida ko ta maƙwabta. Idan ruwan rijiyar bai yi ƙasa da gindin kwaminka ba, dakata. A wasu kwamukan akwai wani ɗan bawul a cikin magudanar ƙasa wanda aka sa don ya riƙa barin ruwan ƙasa ya shigo maimakon ya ɗaga ginin. Bayan shekaru a yashe sau da yawa laka ta toshe shi, don haka kada ka dogara da shi sai ka gani da idonka. Duk wannan bayani na kwamin kankare ne, irin wanda aka fi samu a nan. Idan naka na faiba ne ko mai shimfiɗar roba, kada a kwashe shi ƙaf sai da wanda ya san irinsa, domin bangonsa kan lotsa.

Auna, sannan ka gwada yoyo tun da tsohon ruwan

Ɗauko tef ka auna tsawo da faɗi, da zurfin ɓangare mai zurfi da na marar zurfi. Haɗa zurfin biyu ka raba biyu. Sai ka ninka tsawo da faɗi da wannan matsakaicin zurfi, abin da ya fito ka ninka shi da 1,000, lita nawa kwaminka yake ci ke nan. Namu mita 8 ne da mita 4, matsakaicin zurfinsa mita 1.5, wato lita 48,000. Rubuta naka a bangon ɗakin inji. Girman injin da za ka saya, yawan tankar da za ka kira, da awon kowane sinadari, duk daga wannan adadi suke fitowa.

Mutane kan yi gaggawar zubar da tsohon ruwan, alhali yana da labarin da zai ba su. Dubi inda ya tsaya. Idan kullum yana tsayawa a daidai bakin fitila ko a ƙasan wani bututu, to a nan yoyon yake, domin ruwa kan sauka ne har ya kai ramin da yake zurarewa, sai ya tsaya. Sannan ka yi gwajin bokiti. Cika bokiti da ruwan kwamin, ajiye shi a kan matakala ta yadda rana da iska za su same shi daidai da yadda suke samun kwamin, ka sa alama a bakin ruwan bokitin, ka sa wata a bangon kwamin. Gobe war haka ka auna. Iskar hunturu tana shan ruwa ƙwarai, don haka duka biyun za su ragu. Idan sun ragu daidai, iska ce. Idan na kwamin ya fi sauka, akwai yoyo. Kada ka raina ɗan bambanci: a kwami mai girman namu, santimita ɗaya lita 320 ce.

Kwashewa

Kafin kowa ya taɓa ruwan, a kashe wutar da ke zuwa ɗakin inji da fitilun kwamin daga babban akwatin gida, a cire wayar gaba ɗaya. Tsohuwar wayar da ɓera ya ci tana iya sakar wa ruwa wuta ba tare da wata alama ba.

Kada ka yi amfani da injin kwamin wajen jan wannan ƙazanta, ko da yana tashi. Ka yi hayar injin ban ruwa irin na masu noman rani, mai inci biyu ko uku, ko sumo mai jan ruwan laka. Idan mai fetur ne, a sama zai zauna, a fili, tiyo kaɗai zai sauka. Hayaƙin inji yana taruwa a cikin rami, ba shi da wari mai tsanani da zai gargaɗe ka, kuma yana kisa. Ruwan kuma a kai shi nesa da kwamin da ginin gida. Wanda ya shekara babu sinadari a cikinsa bishiyoyi za su ji daɗinsa; saura a bi da shi ta kwata, ba ta ƙofar maƙwabci ba.

Da ruwa ya yi ƙasa sai aikin shebur da bokiti da baro. A sa rambut da safar hannu ta roba. A cikin lakar namu mun tsinci fasassun kwalabe, ƙusoshi, da wata tsohuwar fartanya. Baba mai gadi ne ya ce, "Yallaɓai, a fara zungura da sanda kafin a sa hannu, inda kwaɗi suka yi yawa maciji ba ya nisa." Shawararsa muka bi, musamman a ɗakin inji, wanda muka bar ƙofarsa a buɗe yini guda kafin mu shiga. Mai rauni a ƙafa ko a hannu kada ya shiga lakar nan.

Wanki

A fara tun bangon bai bushe ba, don gansakukar da ta bushe ta fi taurin kai. Injin fesa ruwa irin na masu wankin mota yana rage rabin wahalar. Daga sama ake farawa a gangaro. Bayan nan a jiƙa garin kulorin a bokiti, a shafa da buroshi mai tsawon mariƙi, a bar shi kamar minti goma sha biyar, a goge, a ɗauraye. Baƙaƙen ɗigo-ɗigon da ke liƙe a tsakanin tayil wata irin gansakuka ce mai kafa saiwa. Sai an kankare kanta da buroshi mai tauri kafin kulorin ya ci ta.

Idan bayan haka akwai sauran farin dabbare ko jan tsatsa, sai asid irin wanda masu sa tayil ke wanki da shi. A nan nake roƙon ka nutsu. Kulorin da asid idan suka haɗu suna fitar da iska mai guba, mai nauyi, wadda ke kwanciya a ƙasan rami, daidai inda mai aikin yake tsaye. Don haka ba rana ɗaya ake yin su ba. A ɗauraye kulorin tas, a kwashe ruwan ɗaurayar, a kwana, sannan a taɓa asid. Ruwa ake fara zubawa a bokitin roba, sannan a tsiyaya asid a kansa a hankali, kada a taɓa juya wannan tsari. A fara da kashi ɗaya na asid cikin kashi goma na ruwa. A jiƙa bango, a zuba daga sama a ɗan ƙaramin wuri, a goge, a ɗauraye kafin minti ɗaya ya cika, domin asid yana cin simintin da ke tsakanin tayil. Tabarau mai rufe ido, safar hannu, rambut da takunkumi dole ne, kuma mutum ɗaya ya tsaya a sama riƙe da tiyon ruwa. Ruwan da ya taru a ƙasa a barbaɗa masa soda-ash, wadda masu haɗa sabulu ke saye, har ya daina kumfa, sannan a fitar da shi.

Tsaga da tayil

Yanzu ne za ka ga ainihin halin da ginin yake ciki. Ɗauki ƙaramar guduma ko kan sukurdireba ka bi tayil ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya kama yana amsawa da ƙarfi, wanda ya saki yana ƙara kamar ganga. Sa wa kowane mai ƙarar ganga alama da alli, a ɓamɓare shi, ko da a ido lafiyarsa lau.

Tsaga iri biyu ce. Akwai siririya kamar gashi, mai rassa, wadda a shafen sama kawai take. Akwai kuma mai tafiya doguwa, daga bango ta sauka ƙasa, ko wadda gefenta ɗaya ya fi ɗaya tudu. Wannan ta biyun a jikin kankaren take, kuma tana nufin ƙasa ta motsa ko saiwa ta tura. Tamu a kusurwar da ke fuskantar wata tsohuwar cediya take. Birkilan farko da muka kira ya shafa ta da yatsa ya ce wa kawu, "Alhaji, wannan ba komai ba ne, in na ɗora sabon tayil a kai ba za ka ƙara ganinta ba." Gaskiya ne ba za a gan ta ba, amma ruwa zai same ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ya fi ƙadangare iya shiga. Muka sallame shi cikin mutunci muka nemi wani.

Yadda ake yi shi ne a bi tsagar da giranda a faɗaɗa ta, a zurfafa har a kai kankare mai lafiya, a wanke ƙurar, sannan a cike da simintin toshe yoyo mai saurin kamawa ko da ifoksi na gini, wato gam mai ƙarfi da ake haɗa kashi biyu. Inda jan tsatsa ke tsattsafowa, rodi ne ruwa ya kai gare shi. A sassaƙe kewayensa, a goge tsatsar da buroshin ƙarfe, a shafe shi da maganin tsatsa, sannan a rufe. Idan tsagar ta isa ka zura tsabar kuɗi a ciki, ko bangon ya karkata, kira injiniyan gini. Kuɗin zuwansa bai kai na tayil ɗin da za ka sake fasawa baɗi ba. Cediya da durumi da danginsu saiwarsu tana bin danshi ta yi nisa, don haka muka haƙa rami tsakanin bishiyar da kwamin, muka datse saiwoyin da suka nufo shi, muka zuba kankare a ramin ya zama katanga a ƙarƙashin ƙasa. Bishiyar tana nan da inuwarta.

Bayan toshewa a shafa sinadarin hana ruwa wucewa, hannu biyu, na biyun ya gitta na farko. Gam ɗin tayil da abin cike tsakaninsa su zama waɗanda aka rubuta a buhunsu cewa suna zama cikin ruwa. Na banɗaki ba zai jure ba. Iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya yi ƙarfi, saboda haka a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, a rufe da buhuna. Idan aikin tayil ɗin babba ne, ba shi kamar mako uku kafin ruwa ya hau kansa. Wanda kwaminsa na fenti ne ya gano irin tsohon fentin tukuna, domin ifoksi ba ya zama a kan fenti mai roba, ɓarewa yake yi. In an kasa ganewa, a kankare tsohon duka.

Wani abu ƙarami da ake mantawa: murfin magudanar ƙasa. Idan ya fashe ko babu shi, a sa sabo a ɗaure da sukuru. Jan da inji ke yi ta wannan rami yana iya riƙe gashi ko riga ko jikin yaro a ƙarƙashin ruwa.

Ɗakin inji

Ruwa yana fita daga kwami ta hanya biyu, ta magudanar ƙasa da ta akwatin da ke bakin ruwa wanda ake kira sikima. Inji ya ja shi, ya tura shi cikin tukunyar yashi mai tace datti, ya dawo ta ƙananan bakunan da ke bango. Kafin komai, sa fulamba ya toshe bakin kowane bututu ya matsa masa ruwa ya ga ko matsin zai zauna. Wanda ya sauke, a ƙarƙashin daɓe ya fashe. Gara a fasa daɓen yanzu da a fasa shi bayan an sayi ruwa.

Injin kansa, gwada juya sandarsa da hannu ta baya. Idan ta ƙi, tsatsa ta kama ta ko boris ya mutu. Idan tana juyawa amma da aka ba shi wuta sai gurnani, yawanci kafasita ce, abu mai araha. Sil ɗin da ke hana ruwa shiga motar injin da robar murfin kwandon da ke tare datti a bakin injin, canza su kawai, shekaru sun busar da su. Masu naɗin kwayil a kasuwar Panteka sun iya tada motar injin da ta ƙone, amma idan jikin injin ya tsage ko tsatsa ta cinye shi, sabo ya fi. Wajen sayen sabo kada ka bi girma. Abin da ake so shi ne ruwan kwamin duka ya ratsa tukunya cikin awa shida zuwa takwas. Lita 48,000 a raba takwas, lita 6,000 ke nan a awa. Injin da ya fi ƙarfin tukunyarsa wuta kawai yake ci, yana kuma tura datti ya ratsa yashin ya dawo.

Yashin tukunya ko a kwami mai aiki ana canza shi kamar duk shekara biyar, balle wanda ya shekara tara yana dunƙule. A kwashe shi da kofi, a hankali, domin a ƙasan tukunyar akwai wasu 'yan yatsun roba masu tsaga-tsaga. Idan ɗaya ya karye, yashi zai riƙa fita cikin kwami. Duba su ɗaya-ɗaya. Na san yashi ba ya wuya a garin da kogi ya ratsa, amma na bakin kogi ba ya wannan aiki. Na tacewa tankaɗaɗɗe ne, ƙwayarsa kusan rabin milimita, a buhu ake sayar da shi wurin masu kayan tace ruwa. A zuba ruwa rabin tukunya kafin yashi don kada nauyinsa ya karya yatsun, a kuma toshe bakin bututun tsakiya da leda.

A kan tukunyar akwai hannu mai juyawa. Masu aikin suna kiran matsayansa filta, bakwash, rins da wes. Filta shi ne aikin kullum. Bakwash yana juya ruwa baya ya wanke yashin ya zubar. Rins yana kwantar da yashin bayan wanki. Wes yana fitar da ruwa waje ba tare da ya bi ta yashi ba. Ba a juya hannun nan inji yana aiki, sai an kashe. Sa sabon geji, wato agogon da ke nuna matsin ruwa a tukunyar, kuma ka rubuta lambar da ya nuna ranar da yashi yake sabo. Duk sanda ya haura da 8 zuwa 10 a ma'aunin psi, lokacin bakwash ya yi.

Wayarin kuwa a sake shi gaba ɗaya, a hannun mai wayarin da ya san aikinsa. A kafa sandar at mai kyau, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta zurara cikin ƙasa, a sa na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta zurara, mai miliamfiya 30. Fitilar cikin ruwa ta zama mai bolt 12 da taransifomarta a ɗakin inji. Idan babu halin wannan, a toshe ramin fitilar a haƙura da ita.

Ruwa da sinadarai

Ko na burtsatse ne ko na tanka, ɗebi bokiti ɗaya tukuna ka ɗiga masa kulorin ka bar shi awa guda. Idan ya koma ruwan shayi, akwai ƙarfe a ciki. Ba ya hana amfani da shi, amma gara ka sani tun wuri: bayan an cika an sa kulorin, sai a jiƙa alimun a watsa, a kashe inji ya kwana, da safe dattin ya kwanta a ƙasa, a zuƙe shi ta wes. Tambayi mai tanka lita nawa motarsa ke ɗauka, ka kuma tambayi inda yake ɗebowa. A cika har tsakiyar bakin sikima, a sake gwajin bokiti, kwana ɗaya inji a kashe, kwana ɗaya a kunne. Idan ruwan ya fi sauka sanda inji ke aiki, bututun dawowa ne. Wurin da kake zargi a bango, zuƙi ruwan bula a sirinji ka matsa kaɗan kusa da shi, ruwa a kwance. Idan akwai rami za ka ga shuɗin yana shigewa kamar zare.

Cika kwandon inji da ruwa kafin ka kunna, kada ya yi aiki a bushe. Fara da bakwash na minti biyu ko uku, sai rins na rabin minti, sannan filta.

Sayi ɗan akwatin gwaji, mai kwalabe biyu. Ido ba ya gane ruwa mai lafiya. Ruwa garau yana iya ɗauke da cuta. Abin da ake nema: pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, tsakanin 7.2 da 7.6, kulorin tsakanin 1 da 3 a ma'aunin ppm, wato miligiram a kowace lita. Da pH ake farawa, don idan ya yi sama kulorin ba ya cizo, sai ka yi ta zubawa kana asara. Idan ya haura, ɗan asid da aka tsarma. Idan ya yi ƙasa, soda-ash. Kaɗan-kaɗan, a bar inji ya juya awa huɗu, a sake gwadawa. Idan pH yana ta hawa da sauka ya ƙi zama, alkalin ruwan, wato sinadarin da ke riƙe pH wuri ɗaya, shi ne ya yi ƙaranci. Ana son sa tsakanin 80 da 120, kuma giram 170 na bekin soda a kowace lita 10,000 yana ɗaga shi da kusan 10.

Garin kulorin da aka fi samu, irin su HTH, ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ne. Giram 15 a lita 10,000 yana ba da kusan ppm 1. A zubin farko ana kai shi 10 don ya kashe duk abin da ya maƙale a bututu, wanda a kwaminmu ya kama kusan giram 750. A narka shi a bokitin ruwa, garin ake zubawa cikin ruwa, a zagaya bakin kwami ana tsiyayawa, inji na aiki. Bayan magariba ake yi, saboda ranar Kaduna tana cinye kulorin cikin 'yan sa'o'i. Ba a shiga sai ya sauko 3. Akwai sinadarin da ke kare kulorin daga rana, ana son sa tsakanin 30 da 50. Ƙwayoyin kulorin masu kama da sabulu suna ɗauke da shi. Amma kada a haɗa ƙwayar da garin a mazubi ɗaya ko a cikin sikima, suna iya fashewa. Kuma don Allah kada a ajiye bokitin kulorin a ɗakin janareta. Idan ya haɗu da fetur ko dizal ko baƙin mai, wuta yake kamawa da kansa. Wuri busasshe, mai iska, mai makulli, nesa da asid.

Shinge, da abin da ya rage na kullum

Ba mu bar kowa ya shiga ruwan ba sai da maƙeri ya gama shinge. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa ƙananan yara, 'yan shekara 1 zuwa 4, suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa, kuma yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, shiru ake ji. A gidajenmu kuwa yara ba sa yankewa: jikoki, 'ya'yan maƙwabta, baƙin salla da na suna. Shingen ya zagaye kwamin ta ko'ina, tsayinsa kada ya gaza mita 1.2, tazarar sandunansa kada ta wuce santimita 10, babu sandar gicciye da za a taka a hau, ƙofarsa mai rufe kanta, sakatarta a can sama. Tamfol ɗin da ake rufawa saboda ƙurar hunturu ba shinge ba ne. Yaro zai ɗauka ƙasa ce ya taka. Mu mun kuma ƙara tsayin katangar da ke fuskantar benen maƙwabta, don matan gida su samu sakewa.

Sauran aikin ɗan kaɗan ne amma ba ya jiran gobe. A kwashe ganye da raga kullum, a zazzage kwandon sikima da na inji, a goge bango sau ɗaya a mako, a gwada ruwa sau biyu ko uku, da kuma bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi. Idan hadari ya taso ana walƙiya, kowa ya fito. Inji ya juya ruwan duka aƙalla sau ɗaya a yini. Mu da muka ga wutar unguwa ba ta da tabbas, sola muka haɗa masa, yana tashi da hantsi ya tsaya da la'asar. Kwana biyu ko uku ba juyi ba kulorin a zafin Afrilu sun isa ruwan ya fara kore, don haka ko tafiya za a yi, sai an bar wani a kai.

Baba mai gadi ne yake riƙe da littafin da ake rubuta gwaji, da kwanan wata da abin da aka zuba. Makullin ƙofar shingen kuwa yana ɗaure a haɓar zanen Hajiya. Idan jikoki suka taru suna "Hajiya, a buɗe mana," ba ta kwance shi sai an kai mata kujerarta bakin ruwan ta zauna.